Tarbiyyar Kurangar Inabi a Ƙasar Jama'a

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Kafanchan zuwa Kwoi, ko wadda ta nufi Kagoro da Manchok, a cikin watan Yuli, sa'ad da ruwa ya zauna sosai, ya ga yadda manoman doya ke yi wa yaɗonta hidima: wani ya kafa mata sanda, wani ya bar mata karan dawar bara ta hau, wani kuma ya ƙyale ta tana jan ciki a ƙasa, kuma in lokacin tono ya yi, ba sai an tambayi malami ba kafin a san wanda tulinsa zai fi tsayi. Wannan sani da talakan ƙasar nan ya gada kaka da kakanni, wato cewa tsiro mai yaɗo ba ya ba da abin da ke cikinsa sai an ɗaga shi sama ya sha rana da iska, shi ne ƙofar ilmin noman inabi, sai dai ita kurangar inabi ta fi doya tsawon rai da yawan sharuɗɗa, domin doya shekara guda ake zama da ita a rabu, alhali kuwa kuranga, in an kyautata mata, tana iya kai shekara 20 ko fiye tana ciyar da mai ita, in kuma an ɓata siffarta a shekarar fari, to, da wannan illa za ta tsufa.

Abin da ya sa na ga ya kamata a yi wannan bayani yanzu shi ne, tun da cutar nan ta auka wa citta a 2023, ta cinye gonaki a Kachia da Jaba da Kagarko da nan Jama'a, mutane da dama suka shiga neman abin da za su jingina da shi ban da citta, kuma labarin manoman ƙaramar hukumar Kudan, can kusa da Zariya, waɗanda suka mai da inabi sana'a a Hunƙuyi da ƙauyukan da ke kewaye da ita, ya iso kunnen kowa. Ba kuwa baƙon abu ba ne a wurin ma'abota karatu, gama Suratul An'ami ta ambaci gonakin da ake ɗaga wa rumfa da waɗanda ba a ɗaga musu, malaman tafsiri kuma suka kawo inabi a misalin na farkon. Haka nan Ibnul Awwam, mutumin Ishbiliya ta ƙasar Andalus, ya yi dogon bayani a kan dashensa da askinsa a cikin Kitabul Filaha tun ƙarni na 12. Larabawa ma har yau tarbiyya suke kiran wannan aiki, ni ma ban ga kalmar da ta fi ta dacewa ba.

Kafin mutum ya kafa dirka ko ya ja waya, wajibi ne ya san ɗabi'ar abin da zai yi wa tarbiyya. Kuranga ba ta haihuwa a tsohon itace. Nonon inabi, wato curin 'ya'yan nan da ke reto, yana fitowa ne a jikin sabon toho, shi kuma tohon daga idon reshen da ya girma a zangon da ya wuce yake ɓullowa. Abin mamaki kuma, tun reshen nan yana ɗanye aka riga aka ƙaddara a cikin kowane ido ko zai zo da nono ko ganye kaɗai zai kawo, kuma babban abin da ke rinjayar wannan hukunci shi ne hasken ranar da ya sauka a kan idon a lokacin. Saboda haka reshen da ya yi damina a cikin duhun 'yan'uwansa, kome kaurinsa da kyan ganinsa, bakarare ne ko kusa da haka. Sa'an nan zaƙin da ke shiga ƙwaya a ganye ake dafa shi, ganyen da rana ke bugu kuwa shi kaɗai ke wannan aiki, wanda ke ƙarƙashin ganye biyu ko uku ci yake yi ba ya kawowa. Masu bincike sun auna sun ga cewa kilo guda na inabi yana bukatar wajen murabba'in mita guda na ganye mai shan rana kafin ya nuna yadda ya kamata. Na ƙarshe, inabi ba ayaba ba ne, ba kuma mangwaro ba, da za a tsinke shi ɗanye a rufe a ɗaki ya ƙarasa. Yadda aka yanke shi haka zai tabbata, in da tsami aka yanko, da tsami za a ci.

Manoman duniya sun rabu mazhabobi a kan siffar da za a ba kuranga, kowace mazhaba kuma ƙasarta ce ta haife ta. A kudancin Faransa da Sifen, inda damuna ba ta haɗuwa da lokacin nunar inabi, ƙasa kuma busasshiya ce mai tsakuwa, sukan bar gindin ya tsaya da ƙafarsa kamar ƙaramin kurmi, tsayinsa bai wuce gwiwa ko ƙugu ba, babu waya babu dirka, a bar masa 'yan gajerun hannuwa huɗu ko biyar. Amfaninsa kaɗan ne, zaƙinsa kuwa mai ƙarfi. Wannan hanya ba tamu ba ce, domin a nan ruwan sama zai fantsamo laka da cuta daga ƙasa zuwa ganye, sai mu wuce ta.

Ta biyu ita ce ta shinge, inda ake jera dirkoki a layi a ja musu waya hawa uku ko huɗu, a kwantar da hannun kuranga a kan wayar ƙasa, tohon kuma a miƙar da shi sama a tsakanin sauran, har layin ya zama kamar dangar kara mara kauri. Wani likita Bafaranshe mai suna Giyo shi ya yaɗa wani nau'inta wajen 1860, har yau kuma da sunansa ake kiran sa. Mafi yawan masu wannan hanya a Turai don giya suke noma, wadda ba ita ce bukatarmu ba, mu da muke nufin na ci da na matsewa a sha da ɗanyensa da na zabibi. Amma hikima kayan mumini ce, kuma babu wanda ya kai su bin diddigin abin da ke tsakanin yawan amfani da kyansa, har ta kai hukumar ƙasar Faransa, tun daga 1935, tana ƙayyade wa gonakin da suka yi suna iyakar abin da za su ɗauka a kadada, wanda ya zarce kuwa ba shi da ikon sayar da kayansa da sunan yankin.

Ta uku ita ce rumfa, wadda manoman Indiya na wajen Nashik suka daɗe a kanta, ita ce kuma mai ziyarar gonakin Kudan zai fi cin karo da ita: dirkoki masu tsayin wajen mita 2, an saƙa waya a bisansu tsaye da kwance kamar tabarma, kuranga ta hau ta shimfiɗu, nonna suna reto a ƙasa, mutum yana tafe a inuwa yana aikinsa. Babu hanyar da ta kai ta yawan amfani a ƙasashen zafi, domin ta tare dukan ranar da ke sauka a gonar, tana kuma kāre ƙwaya daga ƙunar rana. Aibinta biyu ne: tsadar ƙarfe da waya, da kuma cewa in aka yi sakaci kaɗan sai ganye ya hau kan ganye, ƙarƙashinta ya zama ɗaki mai gumi wanda iska ba ta ratsawa.

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskuren ɗauka cewa yawa da kyau abokan gaba ne har abada, sai an rage ɗaya ɗayan ke ƙaruwa. Wani masani Ba'amurke, Nelson Shaulis, ya warware wannan mas'ala a shekarun 1960 a tashar bincike ta Janiba da ke jihar Niyok, inda ya raba ganyen layi guda gida biyu, kowane ɓangare a kan wayarsa, rana na shiga tsakani, sai ga shi amfani ya ƙaru, zaƙi kuma bai ragu ba. Ashe abin da ke ɓata inabi shi ne kayan da ya fi ƙarfin ganyen da ke shan rana, da inuwar da kuranga ke yi wa kanta. Daga wannan fahimta ne aka sami siffofin da ke buɗe hannu biyu sama kamar gwafa, waɗanda manoman Indiya da yawa suka koma wa a baya-bayan nan, kuma ita wannan gwafa ita nake ganin ta fi dacewa da ƙasarmu, ga kuma hujjata.

Ruwan da ke sauka a Kafanchan a shekara ya kai wajen milimita 1,500, na Zariya kuwa bai wuce 1,000 da 'yan kai ba. Namu yakan fara tun ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba ta ƙare, kuma wanda ya kwana a gindin duwatsun Kagoro ya san irin raɓar da ke kwanta wa ciyawa da asuba. Babban maƙiyin inabi kuwa wata fumfuna ce da ba ta tashi sai ganye ya jiƙe ya daɗe bai bushe ba: za ka ga tabo rawaya a saman ganye kamar an ɗiga masa mai, ka juya bayansa ka tarar da farin gari kamar auduga, bayan 'yan kwanaki ganyen ya ƙone ya zube. Ita ce ta shiga Faransa a 1878 ta yi ɓarna, har wani malami mai suna Milarde ya fito da maganinta wajen 1885, wato shuɗin gishirin tagulla da aka dama da farar ƙasa, wanda ake kira da sunan birnin Bodo, har gobe kuma ana fesa shi. Amma feshi a kan rumfar da ta cushe wahala ce kawai, maganin ba ya isa ciki, ruwan gobe kuma ya wanke na waje.

Ni kaina na sayi wannan darasi da tsada. Shekarun baya na samo dashe guda 6 daga wajen Hunƙuyi na kafa a bayan gida, na yi musu rumfa da itacen da na saro a daji, na kuma hana kowa taɓa ko reshe ɗaya, don a ganina kowane reshe arziki ne. Kafin damina ta biyu ta raba, rumfar ta yi duhu har kaji na shiga su yi ƙailula, ni kuwa ina ta kai baƙi suna gani. Da watan Agusta ya zo sai ganye ya fara zuba kamar an yi masa wuta, gara kuma ta ci gindin dirkoki biyu, wata iska da ta taso da dare ta kwantar da rabin rumfar a ƙasa. 'Yan nonnan da suka tsira na kai wa dattijon da ya ba ni dashen, ya tsinki ƙwaya guda daga can ƙasan nonon ya tauna, ya yamutse fuska, ya ce, “Malam, ai ganye ka noma. Kai da almakashi gaba kuke yi ne?” Na ce, “Baba, tausayinta nake ji.” Ya yi dariya har da tari, ya jawo ni cikin gonarsa ya nuna mini ƙasan tasa rumfar, inda hasken rana ke zubowa dabbare-dabbare kamar jikin zabo, ya ce in ban ga haka a ƙasa da tsakar rana ba, to, in ɗauko almakashi.

Ga yadda aikin yake daga farko. A nemi wuri mai ɗan tudu wanda ruwa ba ya kwanciya, kusa da rijiya ko rafin da ba ya ƙafewa da rani, domin da ban ruwa za a yi renon 'ya'yan. Dashen yankan reshe ne da ya ƙosa ya yi ruwan ƙasa, mai kaurin fensir, mai ido 3 ko 4, a fara tsirar da shi a leda kafin a kai shi rami. Ramin a yi shi kamu uku faɗi da zurfi, a cika da ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, a bar mita 3 tsakanin layi da layi, mita 2 tsakanin gindi da gindi, layukan kuma su miƙe kudu da arewa gwargwadon yadda filin ya yarda, don kowane gefe ya sami rabonsa na rana, ɗaya da hantsi ɗaya da la'asar. Dirka kuwa kada a yi ta da ɗanyen itace, na riga na faɗi dalili. A zuba ta siminti ko a sami ƙarfe, a kafa ɗaya duk bayan mita 5 ko 6, ta bakin layi a karkatar da ita waje a ɗaure ta da turke mai ƙarfi, gama nauyin layin duka a wuyanta yake. A tsayin ƙirjin mutum a ja waya ta farko mai kauri, daga nan hannuwan gwafar su buɗe hagu da dama, kowane hannu da waya 2 ko 3, tazarar kamu biyu tsakaninsu.

Shekarar fari ba a neman ko ƙwaya ɗaya, gini ake yi. Daga cikin tohon da dashe ya fitar a zaɓi mafi ƙarfi guda ɗaya, a ɗaure shi a jikin gora da tsumma ko igiyar rama, ɗauri sako-sako don kada ya shaƙe in ya yi kauri, sauran duka a cire. Duk mako a zagayo a fige 'yan rassan da ke fitowa a hammatar ganye, har ya miƙe sambal ya iso waya. Da ya iso sai a tsinke kansa, zai fitar da toho a sama, a zaɓi biyu a kwantar da ɗaya kudu ɗaya arewa, ko dai yadda wayar ta nufa, kowanne ya tafi har ya kusa haɗuwa da na maƙwabcinsa, a nan a tsayar da shi. Waɗannan hannuwa biyu su ne jarin gonar, ba a sake yanke su sai in cuta ta kama su, kuma daga jikinsu ne za a riƙa fitar da rassan kowace shekara, tazarar tafin hannu tsakanin reshe da reshe, ana jingina na nan a hannun gwafa na dama, na gaba a na hagu, tsakiya a bar ta a buɗe.

Mas'alar da ta fi kowace wuya ita ce ta lokacin aski. A Turai sanyi ne ke sa kuranga barci, ta zubar da ganye, a yi mata aski sau ɗaya kafin ta farka. A ƙasar zafi ba ta barci, sai dai manomi ya zama shi ne sanyinta, ya ƙayyade mata lokacin hutu da na haihuwa da almakashinsa, abin da ya sa manoman Indiya ke aski biyu a ɗauki amfani ɗaya, mu ma ita ce ƙa'idar da ta dace da mu. Askin farko bayan girbi ne, wajen Afrilu: a datse kowane reshe a bar masa ido 1 ko 2 a jikin hannu, sabon tohon da zai fito shi zai yi damina yana girma, ba a bar masa nono ko ɗaya, ana rage shi in ya yi yawa, ana tsinke kansa in ya zarce wayar sama, ana feshi a kan kari, domin a cikin waɗannan watanni ne idanun ke ɗaukar cikin abin da za a girba. Aski na biyu shi ne na haihuwa, sa'ad da ruwa ya ɗauke, ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba: a zage ganyen duka, a rage tsawon kowane reshe, a yi ban ruwa da taki. Yawan idon da za a bari ya danganta da iri, gama akwai irin da ke haihuwa tun daga ido na 2 ko na 3, akwai kuma irinsu Thompson mara ƙwallo wanda idanunsa na gindi bakarare ne, sai an bar masa reshe mai tsawo. Don haka duk wanda zai ba ka dashe, kada ka bar wurinsa sai ya nuna maka da yatsa inda nasa ke fitar da nono.

Daga wannan aski zuwa girbi wata 4 ne zuwa 5, gwargwadon iri da sanyin hunturun shekarar. To, sai mai karatu ya ƙirga da kansa: wanda ya yi aski a farkon Nuwamba zai girba a cikin Maris ko farkon Afrilu, ruwan fari kuwa yana bakin ƙofa, kuma ruwa guda mai ƙarfi a kan inabin da ya kusa nuna ya isa ya farfasa ƙwayoyin, ƙudaje da rina su taru, nono ya ruɓe daga ciki. Manomin Kudan yana da rarar makonni da mu ba mu da su. Kuranga kuma in an ɗora mata kaya fiye da ƙarfinta ba ta ƙin ɗauka, jinkirta nuna take yi, mako biyu ko uku, waɗannan makonni kuwa su ne daidai abin da bazarar Kafanchan ba ta bayarwa bashi. Saboda haka ragin da Bafaranshe ke yi don neman suna, mu don tsira da amfanin gaba ɗaya za mu yi shi.

Ragin kuwa hawa-hawa ne. In toho ya kai tsawon yatsa a cire tagwaye da raunana da waɗanda suka juya ciki. In fure ya bayyana a bar nono ɗaya a kowane toho, biyu in tohon ƙaƙƙarfa ne ƙwarai, a tabbata kuma akwai ganye 12 zuwa 15 da zai yi wa kowane nono aiki. A shekarar haihuwar fari ma a rage fiye da haka, kada a karya yarinya da kayan manya. In ƙwaya ta kai girman wake a sa ƙaramin almakashi a rage na cikin nonon da suka matsu, a datse ɗan wutsiyarsa, waɗanda suka rage za su yi girma su sami wurin numfashi. Ganyen da ya lulluɓe nono a cire shi ta ɓangaren gabas, don ranar safe ta busar da raɓa, na yamma kuwa a bar shi, domin ranar Fabrairu da Maris bayan azahar tana dafa ƙwaya ta bar mata tabo kamar ƙuna.

Sa'ad da ƙwaya ta fara laushi, baƙin iri ya fara rinewa, farin kuma ya fara sheƙi, sai a rage ban ruwa kaɗan-kaɗan ba tare da an bar ganye ya yi yaushi ba, a kuma yi shirin tsuntsaye da jemagu, waɗanda ba sa jiran a gayyace su. Wanda gindinsa kaɗan ne ya sa wa kowane nono jakar takarda ko ta gidan sauro, mai gona babba kuwa sai raga. Masu na'urar awon zaƙi suna jiran ta nuna 16 zuwa 18 ga inabin ci. Wanda ba shi da ita ya yi yadda dattijon nan ya yi, ya ɗanɗana ƙwayar can ƙasan nono, daga gindi daban-daban, har da na ɓangaren da ya fi inuwa, ya kuma duba ƙwallon ciki ko ya koma ruwan ƙasa. In sun yi, a yanka da sassafe bayan raɓa ta bushe, a riƙe nono ta wuyansa don kada a goge farin garin da ke jikin ƙwaya, wanda masu saye ke dubawa su san sabon yanka ne, a jera shi hawa ɗaya ko biyu a kwali mai huji, a ajiye a inuwa har motar Jos ko ta Abuja ta iso.